Ranar da Garin Orrin Ya Tashi Tsaye

Orrin ƙaramin gari ne a jihar Wisconsin, shanunsa sun fi mutanensa yawa. Suna da masana'antar cuku ɗaya, coci uku, da ƙungiyar badujala mai suna Shahunan Orrin: yara arba'in da biyu, masu busa ƙaho, masu ganga, da masu juya tutoci. Ƙungiyar tana da riguna shuɗɗa masu maɓallan tagulla, tana da tsohuwar bas mai tari kafin ta tashi, tana da iyaye masu soya cuku da gasa masara a duk gasa. Abu ɗaya suka rasa. Shekara da shekaru ba a taɓa tashi tsaye an tafa musu ba, ko a filin garinsu.

Dalilin yana zaune a layi na ashirin, daidai tsakiyar bencin 'yan kallo. Can ne mazaunin Arlo Skogen da abokinsa Vern Pulaski, tsofaffin masu busa, kowa da matashin zamansa da fulas ɗin kofi. Idan wasa ya ƙare, mutanen Orrin ba fili suke kallo ba, waiwayawa suke su dubi layi na ashirin. In tsofaffin ba su motsa ba, babu mai motsawa. Rabon Arlo da tashi tun 1984.

Dokarsa kowa ya haddace ta, don ya sha faɗa a wurin aski. Ba a tashi sai sautin ƙarshe ya mutu, sai madugu, mai ba ƙungiya ƙidaya da hannu, ya juyo ya sara wa jama'a, sannan sai in gashin hannunka ya miƙe da kansa. "In gashi bai tashi ba," in ji shi, "ƙafa ba ta da hujjar tashi."

Jikarsa Marnie shekararta goma sha uku, ita ce ƙaramar masu ƙaho a ƙungiyar. Ba ta damu da kofin gasa ba. Abin da take so shi ne ta ɗaga ido daga fili ta ga kakanta a tsaye.

Wata Lahadi a farkon rani, suna cin abincin rana, ta yi subutar baki.

"Kaka, me za mu yi ne ka tashi mana?"

"Ku busa abin tashi, Gyaɗa." Haka yake kiranta tun tana jaririya.

Goggo Darla, ƙanwar mahaifin Marnie, ta ajiye cokali da ƙarfi. "Baba, ka ji kunya. A garin Tomlin har wa mai jan akwatin ganga suke tashi."

"Shi ya sa ba a san ranar da aka yi abin kirki a Tomlin ba. Kullum a tsaye suke kamar shanun da ke jiran tatsa."

"Yara suna shan rana awa tara a yini!"

"Masara ma tana sha. Kin taɓa tafa mata?"

A makon nan Darla ta kafa kwamiti. Ta sa masa suna Kwamitin Tashi. Ta tara iyaye sittin a ɗakin taron coci, ta raba musu takarda mai ɗauke da tsarin zama. Ta aro ƙararrawar shanu talatin daga gonaki. Ita za ta zauna a layin gaba da jar lema. Da zarar lema ta buɗe, kowa ya miƙe, ba mai waiwayar layi na ashirin. Wata uwa ta tambaya ko za a iya tashi in abin bai burge mutum ba. Darla ta ce ba burgewa aka zo tattaunawa ba.

Don kada ta yi kuskure, ta je ta kalli atisaye a watan Yuni, ta rubuta a bayan hannunta: tutoci masu ruwan ɗorawa su kwanta a ƙasa, ganga ta buga uku, shiru, ƙarshe ke nan.

Duk wanda ya taɓa sa rigar badujala ya san ba a fara kakar gasa da cikakken wasa. Ana fita da abin da aka koya, a riƙa ƙara masa wutsiya mako bayan mako. Darla ba ta taɓa sa rigar ba, kuma ba ta tambayi wanda ya sa ba, don masu sanin duk a layi na ashirin suke.

Kwana goma kafin gasar gida, Malam Delgado, mai koyar da ƙungiyar, ya kawo sabon ƙarshe. Bayan tutoci sun kwanta, ganga ta buga uku, za a yi shiru na ƙidaya takwas. Sai ƙaho ɗaya tak ya shigo a hankali, ƙidaya goma sha shida, siriri kamar zare. Sannan dukan masu busa su jeru layi ɗaya su tako gaba da iyakar ƙarfinsu. Ya dubi yaran ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Marnie, naki ne."

Ba ta gaya wa kowa a gida ba. So take abin ya faɗo wa kakanta ba shiri, ta ga ko gashin nan zai miƙe. Kullum da yamma takan shiga bayan rumbun ciyawa ta busa layinta sau arba'in, shanu suna kallonta suna tuƙa.

Ranar gasa ta zo, Asabar, rana tsaka mai zafi. Ƙungiyoyi biyar ne, masu gida su ne na ƙarshe. Alƙalai suna yawo cikin fili da ƙananan na'urori suna magana a ciki. A layi na ashirin an riga an zuba kofi.

"Ka ga jar lemar 'yarka?" in ji Vern. "Ko hadari babu."

"Na gani. Tun tana ƙarama take buɗe abu kafin lokacinsa."

Ƙungiyar Tomlin ta yi nata, mutanen Tomlin suka tashi sau huɗu, har da lokacin da wata yarinya ta yar da tuta ta ɗauka. Arlo ya hura kofinsa.

Sai Shahunan Orrin suka shigo. Minti tara komai ya tafi daidai. Tutoci masu ruwan ɗorawa suka kwanta. Ganga ta buga uku. Fili ya yi tsit. Ta ɗaga ƙahonta, tana ƙidaya a zuci: ɗaya, biyu, uku...

A kan huɗu jar lema ta buɗe.

Mutum sittin suka miƙe kamar an tsikare su. Sauran jama'a, da suka ga an samu waɗanda suka fara, suka bi. Ƙararrawar shanu talatin ta kaure, ƙafafu suna dukan bencin ƙarfe, wani yana yin fito da yatsu biyu a baki. Shekaru arba'in na tafin da aka danne suka fito lokaci ɗaya. Har shanun gonar da ke bayan fili suka taho bakin shinge, don sun ji ƙararrawa.

Madugu bai juyo ba, hannunsa yana ci gaba da ƙidaya. A kan takwas ya nuna Marnie.

Ta busa. Ita kanta ba ta ji abin da ke fitowa ba, sai dai karkarwar ƙahon a leɓenta. Alƙalin da ke kusa da ita ya toshe kunne ɗaya, ya matso, ya girgiza kai ya ja baya. Ta ɗaga ido ta nemi layi na ashirin. Jikin mutane ya rufe shi kaf. Ta busa ƙidaya goma sha shida har ƙarshe, hawaye yana gangarowa cikin kwalar rigarta.

Lokacin da masu busa suka jeru suka tako gaba da sautin da ya kamata a tashi masa, jama'a sun gaji da tafi. Wasu sun naɗe matasai, wasu sun kama hanyar wurin ajiye motoci don kada cunkoso ya same su. Sautin ya daki bayansu. Suka juyo da mamaki, wani ya ce, "Au, ƙari ne?" Madugu ya juyo ya sara wa benci rabi babu kowa. Aka yi ɗan tafi jefi-jefi.

Aka ba su na huɗu cikin biyar.

Marnie tana zaune a matakalar bas da ƙaho a cinya lokacin da Goggo Darla ta iso, fuska jajir, lema a hammata.

"Kin gani? Kin gani, 'yata? Minti biyu da rabi! Na duba agogo. Tomlin ba su taɓa wuce minti ɗaya ba!"

"Goggo, na yi busa ni kaɗai."

"Yaushe?"

"Lokacin da kuke tsaye."

"To ai kin ga, ke muka tashi wa ke nan!" Ta sumbace ta a goshi ta wuce, don akwai ƙararrawa talatin da za a mayar wa masu su.

Can sai ga tsofaffin biyu suna tahowa a hankali, Vern yana riƙe da matasai biyu, Arlo babu hula a kansa. Marnie ba ta ɗago ba.

"Kaka, ka tashi?"

"A'a."

"Duk garin ya tashi."

"Na ga ɗuwawunsu, ba sai an gaya mini ba." Ya jingina da bas yana numfashi. "Matsa mini." Ya zauna kusa da ita da ƙyar. "Kin shigo daidai a kan takwas, ba ki bari hayaniya ta ja ki ba. Sautin farko ya fito tsaf. Amma kin sha numfashi a ƙidaya ta tara, ya yi wuri. A sha ɗaya ake sha. Shi ya sa iska ta ƙare miki a sauti na biyun ƙarshe, ya ɗan sauka."

Marnie ta juyo ta dube shi. Abin da ya faru ke nan, daidai. Ko Malam Delgado bai faɗa ba, don bai ji ba.

"Ta yaya ka ji?"

Vern ya tuntsire da dariya. "Tambaye ni! Sunkuyawa ya yi, ya sa kai tsakanin gwiwoyin mutane, ya rufe ido, hannu biyu a bayan kunne. Mai sayar da taya da ke gabanmu yana kaɗa ƙararrawa, kakanki ya kwaɗa masa hula a ƙeya. Hular tana ƙarƙashin benci har yanzu."

"Rufe mana baki, Vern."

"Kuma kada ki damu da dokar nan tasa, yarinya. A 1984 aka yi masa aikin gwiwa. Daga nan doka ta samo asali."

"Ƙarya kake, tsohon banza. A tamanin da shida ne."

Marnie ta yi dariya ba ta shirya ba, ta goge hanci da safar hannu. "To gashin fa, Kaka? Ya miƙe?"

Arlo ya naɗe hannun riga ya duba damtsensa da kyau, kamar mai duba amfanin gona.

"Biyu ko uku. Ba su kai na tashi ba." Ya sauke hannun rigar. "Ranar Asabar kuna Tomlin. Ki sha numfashi a sha ɗaya. Ni kuma zan ɓoye lemar goggonki."

Ya miƙa hannu, ita da Vern suka ja shi ya tashi. Marnie ta bi su da kallo har suka shige cikin motoci, suna gardamar shekarar gwiwa. A ranar ta gane cewa cikin dukan mutanen da suka cika filin, wanda ya zauna shi kaɗai ne ya saurare ta.