Mangwaron Bakin Kwana

"To, ka fito daga gidan waya, ka yi dama," in ji Baba Mai Wasiƙa. "Me ka tarar?"

Na dubi 'yarsa. Tana tsaye a bakin ƙofa da kofin magani a hannu, ta girgiza mini kai a hankali.

"Shagon mai gyaran agogo," na ce. "Yana nan."

"Da kejin tsuntsunsa?"

"Da kejin, Baba."

Ƙarya nake yi. Gidan mai aka gina a wurin.

Baba Mai Wasiƙa maƙwabcinmu ne tun kafin a haife ni, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Shekara talatin ya yi yana zaga garin nan a kan keke, jakarsa rataye a kafaɗa. Idonsa ya tafi shekara huɗu da suka wuce, yanzu ƙafa ma ta ƙi. Da ya ji na dawo gari bayan shekara ashirin, sai ya aika aka kira ni, ya ba ni aiki: kullum da safe in bi hanyar da yake bi a da, da yamma in zo in gaya masa abin da na gani.

'Yar tasa, wadda nake kira Yaya, ta tare ni a tsakar gida tun ranar farko. "Likita ya ce 'yan kwanaki ne. Don Allah kada ka rushe masa garinsa. Ka ce komai yana nan."

Kwana uku ina yi masa gini da baki. Na mayar da famfon bayan makaranta, na mayar da filin da muke buga ƙwallo, na kwashe benayen da suka cinye shi. Abin da ya dame ni shi ne daɗin da nake ji. Na rasa gane ko shi nake tausaya wa, ko ni ne nake neman wanda zai taya ni yarda.

A rana ta huɗu muka iso bakin kwanar layinmu.

"Mangwaron fa?"

A gindinsa muke jiran ƙararrawar kekensa muna yara. Yanzu ko kututturen babu.

"Yana nan, har ya yi fure."

Sai ya ce, "Dogo, miƙo hannunka."

Ya lalubo shi, ya ɗora a kan ƙaurinsa, daidai inda hasken taga ya sauka.

"Me ka ji?"

"Zafin rana, Baba."

"Shekara hamsin ina kwana a ɗakin nan, rana ba ta taɓa shigowa ta tagar nan da yamma ba. Mangwaron ke tare ta. Bara waccan ta fara shigowa." Ya juya fuska wajen ƙofa. "Ke kuma mai girgiza kai, 'yan kunnenki suna tona miki asiri. Makaho ne ni, ba kurma ba."

Yaya ta yi dariya, dariyar ta ƙare da share ido.

"Na kai wasiƙar haihuwa," ya ce, "na kai ta rasuwa, na kai ta sallama daga aiki. Ban taɓa buɗe jaka na zaɓi masu daɗi ba. Abin da aka ba ka shi za ka kai. Koma gidan waya ka faro."

Na faro. Na gaya masa gidan wayar ma an raba shi shaguna. Na gaya masa gidan mai, da benaye, da titin da aka faɗaɗa ya haɗiye gidaje bakwai. Duk inda na rushe, sai ya kira mutanen ciki ɗaya bayan ɗaya: telan da ke karɓar wasiƙa da allura a baki, tsohuwar da ke sa shi ya karanta mata takardar ɗanta sau biyu, ta ce ta farko ba ta zauna ba.

"Babu abin da ya saura ke nan?"

"Akwatin wasiƙa na bakin asibiti. Ya yi tsatsa, an liƙe shi da takardun talla."

"Wannan kam gaskiya ne?"

"Wallahi, Baba."

Ya yi murmushi. "Makullinsa yana cijewa. Sai ka ɗan ɗaga ƙofar sama kafin ka murɗa." Yatsunsa biyu suka murɗa iska a kan bargo.

Ya rasu bayan kwana biyu, da hantsi.

Da yammar ranar na shiga taya Yaya fitar da kujeru. An yaye zanen gadon. Rana ta shigo ta taga, ta kwanta a kan katifa wajen ƙafafu. Yaya ta kai hannu za ta ja labule, sai ta fasa, ta ɗauki kujera ta fita.