Akwatin da Malam Nu'uman Ya Rasa Gane Kansa

Malam Nu'uman mutum ne mai son ɗaukar hoto da bidiyo. Tun yana aiki a ma'aikatar gona har ya yi ritaya ya koma gidansa na Inkil, ba a yin suna ko biki ko saukar karatu a danginsu bai ɗauka ba. Abin da ya tara a shekara ashirin ya cika durowa guda: filas-filas na ajiyar hotuna, katunan memori, da faifan ajiya guda uku irin waɗanda ake jona wa kwamfuta.

Ran nan ya jona ɗaya daga cikin faifan, ya ji yana ƙas-ƙas, sai shiru. A ciki akwai bidiyon mahaifinsa marigayi yana zagaya shanunsa. Allah ya taimaka ƙaninsa na da kwafi a waya, amma hankalin Malam Nu'uman ya tashi. Ya ƙudurta sai ya tattara komai wuri guda, inda kowa a gidan zai iya kallo ta talabijin ko ta waya, musamman Dada, mahaifiyarsa, wadda ba ta iya riƙe waya ta daɗe tana kallo.

Ya kira 'yarsa Yasmin, wadda ta karanta kwamfuta kuma take aiki a Abuja. Ta ce masa abu ne mai sauƙi, akwai ɗan akwatin ajiyar hotuna da bidiyo da ake sayarwa a shirye, a jona shi da na'urar waifai ta gida, shi ke nan. Ba ya ƙara, ba ya shan wuta. Malam Nu'uman ya ji daɗi, ya ce to haka za a yi.

Washegari ya je Kasuwar Muda Lawal sayen masara, ya biya ta shagon Jesse, mai gyaran kwamfuta da ya daɗe yana yi masa aiki. Da ya ba shi labari, Jesse ya girgiza kai. Ya ce wannan akwatin in ya lalace babu mai kayansa a Bauchi, sai an aika Legas. Ya tuna masa da tsohuwar kwamfutar tebur da ya taɓa kawowa gyara, ya ce a zuba mata faifai, a sa mata manhaja ta kyauta, za ta yi aikin da ya fi na akwatin, kuma duk abin da ya mutu a cikinta shi Jesse zai canza. Malam Nu'uman ya ji wannan ma gaskiya ce, ya ce to haka za a yi.

Daga nan rikicewa ta soma. Ya kira Yasmin ya faɗa mata maganar Jesse, ta ce kwamfutar za ta shanye batirin solarsa kafin a yi sallar isha'i. Ya koma wa Jesse, shi kuma ya ce kamfanin akwatin na iya daina sabunta manhajarsa bayan 'yan shekaru, a bar mutum da ƙarfe. Duk wanda ya yi magana a ƙarshe shi ne mai gaskiya a wurin Malam Nu'uman. Ya ɗauki takarda ya raba ta biyu don ya rubuta amfanin kowanne, ya tarar rabin kalmomin bai iya rubuta su ba.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne wurin da su biyun suka yarda da juna. Dukansu sun ce ya sa faifai biyu, amma wurin ajiyar ɗaya kawai zai samu, don na biyun kwaikwayon na farko yake yi. Ya ce to ashe dai ya tsira daga asara. Suka ce a'a, in ya goge abu bisa kuskure, a duka biyun zai goge, don haka yana buƙatar faifai na uku ya ajiye a wani gida.

"Ni da na zo rage faifai," in ji shi, "kun mayar da ni kan uku."

Jesse ya ce a gwada a gani. Ya haɗa tsohuwar kwamfutar ya kawo falo. Ta yi aiki kuwa, har Dada ta ga bikin jikarta a talabijin. Sai dai fankarta na gurnani kamar injin markaɗe a nesa, kuma a rana ta huɗu aka ɗauke wuta, inbatar solar gidan ta yi ƙara ta mutu, kwamfutar ma ta mutu. Da wuta ta dawo, allon ya cika da farin rubutu a kan baƙi, Jesse kuma ya tafi Jos jana'iza. Kwana uku aka yi babu kallo.

Matarsa Lailatu, wadda ba ta sa baki ba tun farko, ta tsaya ta dubi allon.

"Malam, ranar da ba ka gida, Jesse kuma ba ya gari, wa zai tayar mana da wannan?"

 Da yammar nan ya ce wa Yasmin ta aiko da akwatin.

Bayan mako biyu direban mota ya kawo kwali daga Abuja. Malam Nu'uman ya buɗe, ya ɗaga akwatin ya ji shi sakayau. Ya jawo ƙofofinsa biyu ya leƙa, babu komai a ciki. Ya ɗauka an sace kayan a hanya. Ya kira Yasmin rai a ɓace, ita kuwa ta yi ta ba shi haƙuri, ta ce ta manta ba ta faɗa masa ba, ai haka ake sayar da su, faifan daban ake saye.

"To me aka shirya a cikinsa, da ake ce masa shiryayye?" ya tambaya.

Ta yi bayani mai tsawo. Bai gane ba.

Dole ya koma wa Jesse, yana jin nauyi. Jesse ya yi dariya, bai nuna ɓacin rai ba. Ya zo da sukundireba ya ciro faifai biyun da ya sa a tsohuwar kwamfutar, bayan ya kwashe abin da ke kansu zuwa na ukun da aka tanada, ya ɗaura su a akwatin. Shi da Yasmin suka shafe fiye da awa guda a waya suna gardama a kan saiti, rabi da Turanci, Malam Nu'uman na zaune tsakani yana riƙe da wayar yana cewa "to" a inda ya ga ya dace.

Akwatin ya tashi, ƙaramar fitilarsa ta yi kore. Da aka buɗe a talabijin, sai ga bidiyo sama da dubu, babu mai suna, sai lambobi. Jesse ya ce wannan kam ba aikin na'ura ba ne, ya tattara kayansa ya tafi.

Tun daga ranar, kullum bayan la'asar Malam Nu'uman kan zauna da kwamfutarsa ta cinya, ya buɗe bidiyo ɗaya bayan ɗaya yana sa musu suna. Dada na gefe a kan tabarma, tana gaya masa wannan bikin sunan ɗan wane ne, waccan kuma ba Saudatu ba ce, ƙanwarta ce. Wani lokaci su yi musu a kan shekara, Lailatu ta leƙo daga kicin ta raba gardama. Zuwa ƙarshen wata sun kai na ɗari da arba'in.