Haƙoran Zomon Hajja Batulu

Hajja Batulu ta dire kwandon a gaban Sharu, mai sayar da kaji da zomaye a kasuwar Gadarif ta Sudan, har kajin suka firgita.

"Buɗe ka gani, azzalumi! Mai ciwo ka sayar mini."

Sharu ya ɗaga zomon. Ya rame, haɓarsa sharkaf da yawu, haƙoran gaba sun yi zaƙo-zaƙo sun lanƙwashe, ɗaya har ya huda leɓe.

"Ya Hajja, tun bara fa kika saye shi."

"Ko tun zamanin kakanka ne! Ya daina ci. In ya mutu, wallahi sai mun je gaban umda, mai gari ya raba mu."

Tun da ɗanta Haladu ya kwashe iyalinsa zuwa gonakin riɗi na Ƙala'at an-Nahal, gidan ya zama daga ita sai zomon. Shi take wa faɗa, shi take ba labarin tsadar gawayi.

"Me kike ba shi?" in ji Sharu.

"Abin da nake ci mana! Wainar kisra jiƙe da shayi da madara, tuwon asida mai laushi. Kwanonmu ɗaya. Jaki ne shi da zan watsa masa ciyawa?"

"Hajja, haƙorin zomo ba ya daina tsiro. Taunar ciyawa ce ke cinye shi. Ki kai shi wa likitan dabbobi ya rage masa, daga nan sai ɗanyen ganyen barsim da busasshiyar ciyawa. Zancen kwano ɗaya kuwa, kalas, ya ƙare."

Ta ƙura wa leɓen ido. Can ta ɗago.

"Da ka sayar mini, ka faɗa? Ciwon baki kake?"

"Ban faɗa ba. Laifina ne, ma'alesh, ki yi haƙuri."

Ya cusa mata damin barsim a kwando. Abin da ta zo ji ke nan, amma ko kaɗan bai sanyaya mata rai ba.

Likita ya rage haƙoran. Da la'asar ta zuba ciyawar a gindin dalbejiya, ta koma ɗaki ta zauna gaban kwano. Ta gutsuro kisra, hannunta ya miƙa gefe da kansa. Ba kowa. Daga tsakar gida take jiyo ƙurus-ƙurus, a hankali.

Ta ɗauki kwanon ta fita, ta zauna a ƙasa kusa da zomon.

"Ci naka in ci nawa," ta ce. "Kuma kar ka kalle ni."