Tiren da Nachattar Ya Ƙi Taɓawa

Da hantsi Nachattar Singh ya sauka daga bas a hanyar Moga zuwa Barnala. Ya gyara rawaninsa, ya tsaya a tsallaken titi yana duban rumfar abincin surukansa. Tun da ya aurar da 'yarsa Rupinder ga ɗan gidan bai taɓa taka wurin ba. Maganar wani direba ɗan ƙauyensu ce ta kawo shi. Mutumin ya ce ya tsaya cin abinci a nan, ya hangi yarinyar a bayan gida ta rame, ko kusa da tanderu ba ta zuwa. In Nachattar ya kira ta a waya, amsarta ɗaya ce: lafiya lau, Bapu. Yaran yanzu ko wuta ke cin su, haka za su ce maka. Uwarta ta rasu, ba shi da macen da zai aika ta dubo masa. Ya ƙudura a ransa, in ya tarar wahalar da ita ake yi, da ita zai koma gida, duniya ta faɗi abin da ta ga dama.

Ajaib Singh, mai rumfar kuma uban mijin Rupinder, shi ya fara ganinsa. Ya yar da ludayi ya taho ya rungume shi.

"Sardar ji! Ko bas ce ta lalace ta zubar da kai a ƙofarmu?"

"Ƙafata ce ta kawo ni," in ji Nachattar.

Aka zaunar da shi a gadon igiya, aka gitta masa katakon ɗora abinci a gaba. Kafin ya gama tambayar mutanen gida, Ajaib da kansa ya dire tire: miyar ganyen saag mai kauri, gurasar masara da zafinta, curin farin man shanu yana narkewa a tsakiya, albasa da aka fasa da dunƙulen hannu, ga babban kofin lassi, wato damammen kindirmon ɓaunar gida. Nachattar ya fito tun asuba cikin sanyi, ba komai a cikinsa. Ya haɗe hannuwa a ƙirji.

"Ka san ba zan ci ba."

Kowa a ƙasar nan ya san uba ba ya cin abincin gidan da ya ba 'ya. Ko ruwa ba ya sha, sai ranar da 'yar ta haihu, sannan a ce rabon jika yake ci. Haka Nachattar ya taras da iyayensa suna yi, bai kuma ga dalilin da zai sa shi ya fara karyawa ba.

"Haba, Sardar ji," Ajaib ya ce. "Gida yana can baya. Nan rumfa ce, kowa da kowa ci yake yi."

"Wa ya noma masarar?"

"Ni."

"Ɓaunar wa aka tatsa?"

"Tawa."

"To ɗauke."

Wani direba a gadon kusa ya ɗago da baki cike. "Baba, in ba ka so, turo nan. Ni ban ba shi 'ya ba."

Aka yi dariya, amma ban da Ajaib. Tun zamanin ubansa ba wanda ya taɓa zama a rumfar nan ya tashi da yunwa, balle suruki. Fuskarsa ta sauya.

"Ina 'yata?" Nachattar ya tambaya.

"Tana ciki, tana hutawa."

"Hutawa? Da hantsi haka, a gidan da har tsofaffi ke bakin wuta? Ku fito mini da ita in gan ta."

Ya miƙe tsaye. Direbobi suka daina tauna.

Sai ga Bibi Gurnam, uwar mijin Rupinder, ta baro tanderu, gari har gwiwar hannu. Ta ƙwala kira, jim kaɗan yarinyar ta fito. Direban bai yi ƙarya ba, ta rame, har wuya ya fito. Ta faɗa ƙirjin ubanta, ya dafa kanta. Bai ko buɗe baki ba ƙamshin tafarnuwa da man shanu ya buge ta daga tiren. Ta toshe hanci da mayafi, ta kwasa da gudu ta yi bayan gida.

"Me kuka yi mata?" in ji Nachattar.

Bibi Gurnam ta riƙe ƙugu ta dube shi tun daga rawani har takalmi.

"Mutum ya haifi 'ya'ya, ya tsufa cikin garke, a ce bai gane wannan ba? Da faɗuwar damina, in Waheguru ya yarda, za ka ɗauki jika. Irin wannan magana wurin uwa ake aikawa. Ni wa zan aika wa? In kira ka a waya in ce me? Ita kuwa ta gwammace ƙasa ta tsage da ta faɗa maka da bakinta."

Nachattar ya koma ya zauna. Ya shafa gemu, ya sake shafawa. Sannan ya dubi Bibi Gurnam.

"Tana cin wani abu dai?"

"Lemon tsami da busasshiyar gurasa. Likita ta ce zai wuce. Ni ma haka na yi da cikin mijinta."

Ajaib ya tura tiren gaba kaɗan. Nachattar ya kawar da kai, amma ba da ƙarfi ba.

"Ai ba a haife shi ba tukuna."

"Ba a haife shi ba, amma yana da rabo a tukunyata," in ji Bibi Gurnam. "Kullum sai na zuba, uwarsa ta kasa ci, ya dawo mini. Wannan tiren nasa ne. Ka ci masa, ko kuwa in ba wancan mai bakin."

Direban ya miƙo hannu da sauri. Nachattar ya buge hannun, ya jawo tiren gabansa. Ya gutsuri gurasa, ya dangwalo saag har da man, ya kai baki. Ya rufe ido yana taunawa a hankali.

"Gishiri ya yi kaɗan," ya ce.

Ajaib ya fashe da dariya, ya ƙara dungura masa wani curin man. Daga can bakin ƙofa Rupinder ta leƙo, mayafi a hanci.

"Bapu, in ka gama ka wanke hannu da sabulu sosai, sannan ka shigo mu yi hira."