Ranar da Jirgi Ya Bar Anacleto da Matarsa a Roatán

Shekara goma sha tara ina soya kifi a bakin ƙofar tashar jirgin ruwa ta tsibirin Roatán, kuma babu kalar gudun ɗan Adam da ban gani ba. Jirgin 'yan yawon buɗe ido ba ya jiran kowa. In ya yi gunjinsa na ƙarshe, mu masu rumfuna sai mu rage wuta mu fito kallo, don tabbas za a samu wanda zai ɓullo da gudu, takalmi a hannu, jaka na dukan bayansa. Mai kwakwa da ke kusa da ni har tafi yake musu.

Amma Anacleto bai yi gudu ba. A rumfata jirgi ya bar shi, yana zaune, yana cire ƙayar kifi.

Ranar Talata ce. Wajen ƙarfe huɗu saura kwata na yamma sai ga dattijo da matarsa sun shigo, dukkansu sanye da riga ruwan ɗorawa, an rubuta a ƙirji: Iyalan Garza, Ba Mai Raba Mu. Tun safe na ga irin rigar. Su ashirin da uku suka sauko daga jirgi a jere, wata tsohuwa mai usur a wuya tana gaba tana kora su kamar agwagi. Mutanen Monterrey ne, daga Texas suka hau jirgin.

Dattijon dogo ne siriri, gashin bakinsa a gyare. Matar kuwa, Doña Hermelinda, gajera ce mai jiki, ta rungumi wata ƙatuwar jaka. Ta nemi kifi biyu da soyayyar ayaba da wake.

Na dubi jirgi, na dube su. Ma'aikata sun riga sun fara kwance igiyoyi.

Na ce, "Yallaɓai, ba da wancan jirgin kuka zo ba? Ai tashi zai yi."

Ya ɗaga hannu ya nuna mini agogonsa, wani mai kauri kamar murfin kwalba. "Baiwar Allah, ƙarfe biyar zai tashi. Yanzu huɗu saura minti goma sha uku."

"Biyar na jirgi ai huɗu ne a nan. Agogonsu yana gaban namu da awa guda."

Ya yi murmushi irin na malami ga ɗalibin da ya yi shirme. Ya ce shekara talatin da takwas ya yi yana kula da lokacin tashin jiragen ƙasa, ba a taɓa samun jirgi ya makara a hannunsa ba sai sau biyu, ɗaya saniya ce ta kwanta a kan layi. Ya ce lokaci ɗaya ne a kowane gari, shi ne na garin, kuma da safen nan ya saita agogonsa da na coci.

Na juya ga matar, ko ita za ta ji. Ta matsa lemun tsami a kan kifinta ta ce, "Maigidana ba ya kuskuren lokaci. Ƙaro mana yaji."

Jirgi ya yi gunji, har cokulana suka motsa.

Anacleto ya ce, "Gwaji suke yi."

Jirgin ya sake yi sau uku a jere. Anacleto ya ce gwajin ya yi yawa, zai rubuta musu takarda. Sai da mai kwakwa ya leƙo ya ce, "Baba, otal ɗinku fa yana tafiya," sannan ya waiwaya. Tsakanin jirgi da gada ruwa ya riga ya buɗe, faɗin titi guda.

Ya miƙe da ƙayar kifi a hannu. Bai ce "mun makara" ba. Cewa ya yi, "Sun tashi kafin lokaci!"

Mijina Elpidio yana gefe yana wanke kwale-kwalensa mai inji, wanda yake kai baƙi kallon kifaye. Shi mutum ne da ya daɗe yana neman ranar da zai zama gwarzo. Ya jefar da soso ya ce, "Ku hau! Kafin ya wuce bakin duwatsu mun cim masa." Ya kira ni: "Zoila, zo ki zauna a gaba, kan kwale-kwalen yana ɗagawa in babu nauyi."

Na ce, "Nauyi ko? Za mu yi maganar nan a gida." Amma na hau, don ba zan bari a ba ni labari ba.

Muka fita da gudu, ruwa yana marin fuskokinmu. Gaskiya injin Elpidio ya yi ƙoƙari. Cikin 'yan mintuna muka isa gefen jirgin, ya tsaya a kanmu kamar bene mai hawa goma sha biyu ya tashi yawo. Mutane sun cika kowace baranda suna ihu, suna ɗaukar mu hoto. Can sama, a hawa na tara ko na goma, ga riguna ruwan ɗorawa ashirin da ɗaya a jere, tsohuwar nan a tsakiya tana busa usur kamar za ta tsinke jijiyar wuya.

Doña Hermelinda ta ce mini, "Yayarsa ce, Perpetua. Ita ta shirya tafiyar." Ta fito da hankici ta shiga ɗaga musu, tana share ido.

Anacleto ya hau kan benci yana nuna wa jirgi agogo. "Huɗu da minti tara! Ku gaya wa direban! Huɗu da minti tara!"

Perpetua ta cire usur daga baki ta yi ihun wani abu da iska ta kwashe. Sannan ta jefo wani abu. Elpidio ya karkata kwale-kwalen, na miƙa hannu na cafe. Takarda ce a cikin leda, an ɗaure da takalmin wanka don ta yi nauyi. Na buɗe. Jadawalin gobe ne: motsa jiki ƙarfe shida, hoton iyali ƙarfe bakwai, koyon rawa ƙarfe goma.

A ƙasan jirgin akwai wata ƙaramar ƙofa a buɗe, inda ɗan jagoran tasha ke sauka in ya fitar da jirgi daga cikin duwatsu. Ma'aikata biyu suna tsaye a wurin suna kallon mu. Elpidio ya ce, "Ga ƙofa can! Ku riƙe da kyau!" Ya murɗa inji.

Inji ya yi tari. Ya sake tari. Ya mutu.

Elpidio ya ja igiya, ya ja, ya zagi injin da uwar injin da mutumin da ya sayar masa. Shiru. Ni kuwa da na juyo daga gaba, idona ya sauka a ƙasan kwale-kwalen. Tiyon da ke kai mai daga jarka zuwa inji ya bi ta ƙarƙashin bencin tsakiya. A kan tiyon nan akwai ƙafar Doña Hermelinda, ta danne shi da diddige iya ƙarfinta, hannunta kuma bai daina ɗaga hankici ba.

Muka haɗa ido. Ta ɗan girgiza kai kaɗan, irin na mace da mace. Na kama bakina.

Sai ga igiyar ruwan da jirgin ya bari a baya ta iso. Anacleto yana kan benci har yanzu, yana sanar da duniya cewa huɗu da kwata ta yi. Kwale-kwale ya yi sama, ya dawo, Anacleto bai dawo tare da shi ba. Muka ji tunjum. Abin da ya fara fitowa daga ruwa hannunsa ne na hagu, a miƙe, agogo a sama. Elpidio ya saƙalo ɗamararsa da ƙugiyar da muke jawo manyan kifaye, muka haɗu muka tsamo shi. Jirgi gaba ɗaya ya ɗauki tafi, har da masu fito.

Da filafili muka koma, Elpidio yana tuƙi yana ƙunƙuni, dattijo yana ɗigar ruwa, gashin bakinsa ya kwanta kamar na ɓeran da ya faɗa randa.

A tasha wakilin kamfanin jirgin yana jiran mu, da fuskar wanda ya saba da irin wannan. Ya ce babbar matsalar ita ce fasfo, don yawancin baƙi a ɗakinsu na jirgi suke barin nasu. Doña Hermelinda ta zuge jakarta ta fito da fasfo biyu. Ya ce to magani fa, dattijo yana shan wani? Ta fito da maganin hawan jini na mako guda. Anacleto ya ce tabarau ɗinsa ya faɗa teku, ta fito da wani. Ya yi atishawa, ta fito da busasshen wando da riga da tawul. Na leƙa jakar, na hango rigar barci da buroshin haƙori biyu.

Anacleto ya dube ta, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce wa wakilin, "Ka ga mace? Shekara arba'in da ɗaya, ba ta taɓa fita ba shiri ba."

Wakilin ya ce babu jirgin sama da zai dace da su sai Juma'a. Ɗakin 'yata yana nan babu kowa tun da ta yi aure ta koma La Ceiba, sai na ce su zo gidanmu.

Muna shiga kicin, na rufe ƙofa na ce, "To, Doña, sai ki yi mini bayani. Mijina na can zai haɗiyi zuciya a kan inji."

Ta zauna a kan kujera ta cire takalma, ta sauke wani dogon numfashi. "Zoila, kwana huɗu. Kwana huɗu ana tashe ni da usur. Da usur ake ci, da usur ake tashi daga ci. Jiya na shiga banɗaki, matar nan ta tsaya a ƙofa tana busawa wai ana jira na a hoto. Rigar nan guda uku ta ɗinka wa kowa don kada wani ya ce tasa tana wanki. Ni da na haifi 'ya'ya biyar, an sa ni rawa a layi da lamba a baya."

"Kin san maganar agogon ke nan?"

"Sau uku aka sanar a lasifika, kada kowa ya taɓa agogonsa. Shi yana wanka. Da muka zo wucewa ta gaban coci sai kawai na ce, tsoho, kamar agogonka ya yi gaba. Shi ke nan. Ban yi ƙarya ba, ai ya yi gaban."

Na yi dariya har na zauna a kan buhun wake.

Kwana ukun nan Doña Hermelinda ta ci duniyarta. Sai rana ta take take tashi. Ta kwanta a ragar lilo ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ta ci baleada, wainar fulawarmu mai wake a ciki, har uku a zama ɗaya, ta shiga teku da rigar 'yata. In Perpetua ta kira a waya, sai ta gyara murya ta ce, "Wayyo Yaya, muna cikin wani hali, ku dai ku ci gaba ba mu," tana yi tana miƙo mini kofi in ƙara mata ruwan kwakwa. Rigunan ruwan ɗorawa kuwa, ɗaya ta zama tsumman goge tebur a rumfata.

Matsalar maza ce. Elpidio ya rantse ba zai sake shiga ruwa ba sai ya gano abin da ya kunyata shi a gaban mutum dubu uku. Anacleto ya ce shi ma ya san inji, don ya yi shekaru yana ganin ana gyaran na jirgin ƙasa. Suka shimfiɗa zanin gadona a tsakar gida, suka warware injin nan ƙusa-ƙusa. Suka wanke, suka hura, suka shinshina. Kowane ƙarfe lafiyarsa ƙalau. Anacleto ya ce wannan shi ne mugun ciwo, wanda ba ya nuna kansa. Elpidio ya yarda. Suka sake warware abin da suka riga suka warware.

Sau biyu na buɗe baki zan yi magana, Doña Hermelinda ta dube ni daga cikin raga, na rufe.

Ranar Alhamis da yamma suka mayar da shi. Ƙusoshi huɗu da wani ɗan ƙarfe mai kama da cokali suka rage a kan zani. Anacleto ya ce masana'anta kan sa ƙari. Elpidio ya ja igiya, injin ya yi wani kuka kamar akuya, ya fesa baƙin hayaƙi, ya yi shiru.

"Ka gani?" in ji Anacleto. "Da ma na ce akwai matsala."

Juma'a da safe muka raka su filin jirgi. Doña Hermelinda ta rungume ni ta raɗa mini cewa Perpetua ta yi rantsuwa a waya ba za ta sake tafiya da su ko'ina ba, ko da zuwa kasuwa ne. Tana faɗa tana ƙoƙarin ɓata fuska, fuskar ta ƙi. Anacleto ya riƙe hannun Elpidio da hannu biyu, ya ce in injin ya sake ba shi wahala ya kira shi, zai yi masa bayani ta waya.

A hanyar komawa na gaya wa Elpidio gaskiya. Ya tsayar da mota a gefen titi.

Ya ce, "Ƙafa?"

Na ce, "Diddige."

"Kenan injina bai taɓa lalacewa ba."

"A da dai."

Sai da bakanike ya zo daga La Ceiba ya yi kwana biyu a kansa kafin ya tashi. Elpidio ya sa aka ɗaga tiyon man aka bi da shi ta gefen kwale-kwalen, aka rufe da katako. Har yau kuma in ya ɗauki mata masu manyan jakunkuna, a gaba yake zaunar da su, kusa da ni.