Abin da Yaya Ke Wankewa

Da likita ya ce jijiyoyin jaririyar sun fara gajiya, Auta ba ta gane ba sai da ta leƙa cikin kwalbar da aka kwantar da ita a ɗakin jarirai. Hannayen 'yarta duka biyu sun yi shuɗi-shuɗi saboda sukar allura, yanzu robar ƙarin ruwan a ƙafa take, an ɗaure da filasta. Bakwaini ce, tun da aka ciro ta da tiyata ba abin da ya shiga cikinta, da wannan ruwan kawai take rayuwa. Likitan ya ce jijiyar ƙafar nan ita ce mai kyau ta ƙarshe, saboda haka yau dole a fara ba ta abinci ta siririyar robar da ke hancinta. Nonon uwa ya fi so. In babu shi kafin ya dawo zagayen yamma, za a gwada madarar gwangwani, amma bai ɓoye mata ba, hanjin jariri ƙarami irin wannan wani lokaci yakan ƙi ta, ciki ya kumbura, abu ya zama babba.

Ya tambaye ta ko nono ya zo. Ta sunkuyar da kai ta ce babu.

Ta koma ɗakin masu jego tana dafa bango, ɗinkin cikinta na ja. A gadon da ke kusa da nata akwai wadda ake kira Uwar Tagwaye, mace mai fara'a da yawan surutu, wadda in ta zauna tatsa sai ka ji tsuuu a cikin kofi kamar an buɗe famfo. Ba ta da laifi, baiwar Allah, har lallashin Auta take yi. Amma Auta in ta ji wannan ƙarar sai ta ji kamar ta nutse cikin katifa don kunya da hassada, kuma ta tsani kanta da wannan hassadar.

Yayarta ce ke jinyar ta. Yaya kuwa irin matan nan ne da ba sa iya ganin cokali da maiƙo su wuce. Tun zuwanta ta goge ƙarfen gadon, ta jera kwanuka bisa tsayi, ta yi faɗa da mai shara a kan lungun da tsintsiya ba ta shiga ba. Ita ta raini Auta bayan rasuwar mahaifiyarsu, har gobe kuma kallon yarinya take yi mata. Ta ja labule, ta ɗauko kofin robar da asibiti ya ba su, wani ƙato mai layin awo a jiki, ta ce a sake gwadawa.

Auta ta matsa har idonta ya kawo ruwa. Abin da ya fito shi ne abin da ya saba fitowa, 'yan ɗigo masu kauri, rawaya, masu danƙo, da suka gangara suka manne a gindin kofin ba su ko rufe shi ba. Yaya ta karkata kofin wajen haske ta taɓe baki. Ta ce wannan ai ba nono ba ne, dattin hanya ne, na kirkin yana baya, kuma ba za ta bari ƙanwarta ta ratsa ɗakin nan da wannan abin a hannu mata suna leƙe ba. Haka take yi kullum. Takan rufe kofin da gefen mayafi, ta kai famfo, ta dawo da shi yana ƙyalli, in an tambaya a ce bai zo ba tukuna.

Rana ta karkata. Yaya ta kawo ruwan ɗumi, ta gasa mata da tawul, ta ɗura mata shayi har ya ishe ta. Mijin Auta ya kira daga wajen aiki, ta kasa ɗauka, don ba ta san me za ta ce masa ba. Duk keken da aka turo a baranda sai gabanta ya faɗi, ta ɗauka likita ne. Ita da ke zura zare a allura ido rufe a shagonta, yau ta kasa ko rufe gindin kofi. Ta sake matsawa, ɗigon suka sake fitowa, Yaya ta sake rufe kofi ta nufi famfo.

A nan ta ci karo da nas ɗin ɗakin jarirai, wadda masu jego suka laƙaba wa Sista Agogo saboda ba ta magana ba tare da ta kalli tsintsiyar hannunta ba. Ta zo ne ta ji ko akwai labari kafin likita ya iso. Yaya ta riga ta murɗa famfo, ruwa na zuba, kofin na hannunta.

"Tsaya, Hajiya. Me ke cikin kofin nan?"

Yaya ta ce ba komai, ɗan datti ne. Sista ta kashe famfon da gwiwar hannu, ta karɓi kofin da hannu biyu, ta duba. Ta tambaya tun yaushe ake samun wannan. Daga bayan labule Auta ta amsa da ƙaramar murya cewa tun washegarin tiyata. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi musu sauƙi.

Ta ce laifin har da nasu, da suka miƙa wa uwar bakwaini kofi irin na Uwar Tagwaye ba su zauna sun nuna mata ba. Wannan rawayan shi ne dakashi, nonon farko, kuma shi suke ta jira, don shi ke shafe hanjin jariri ya kare shi. Ta tambayi Auta sana'arta, da ta ji ɗinki ne sai ta kama maɓallin rigarta.

"Cikin 'yarki bai fi wannan ba. Kofi kike so ki cika wa wa?"

Ta zaro ƙaramin sirinji marar allura daga aljihu, ta ɓare ledarsa, ta zuƙe abin da ke gindin kofin tas. Bai isa ba. Ta kalli agogo, ta ce su tashi. A keken marasa lafiya ta tura Auta har gaban kwalbar, ta sa ta wanke hannu, ta buɗe 'yar tagar gefe ta ce ta ɗora tafinta a bayan jaririyar. Auta ba ta taɓa taɓa ta ba, tsoro take ji kar ta karya wani abu. Fatar da ɗumi, ƙashin baya na motsi a ƙarƙashin yatsunta. Kuka ya ƙwace mata. Sista ta gyara mata ɗaya hannun, ta ce ba matsa ake yi da ƙarfi ba, a danna baya ne a saki, a danna a saki. Ɗigo ya tsaya a kan nono, Sista ta ɗauke shi da bakin sirinji. Wani ya biyo.

Suna cikin haka likita ya shigo, wata nas na biye da shi da gwangwanin madara a kan tire. Sista ta ɗaga masa sirinjin sama. Ya matso da shi kusa da idonsa, ya daɗe yana kallon layin awon. Sannan ya ce a mayar da gwangwanin, wannan ya isa na farko, amma yana son wani kafin a jima, da wani bayan shi.

Aka haɗa sirinjin da robar hancin. Auta ta bi rawayan da ido yana tafiya a hankali cikin robar har ya ɓace. Jaririyar ta motsa leɓe. Likita ya taɓa cikin da yatsa biyu, ya ce da laushi, a ci gaba da lura.

Yaya na tsaye a bayan gilashin ƙofa, an hana ta shiga, kofin nan wanda babu komai a ciki yana ƙirjinta. Da Sista ta fito, Yaya, matar da asibitin nan kaf ya san muryarta, ta tare ta, da kyar ake jin abin da take faɗa.

"Sista, wanda na zubar... da ya ciyar da ita sau nawa?"

Sista ta dube ta, ta dubi agogo. Ta zaro sabon sirinji a ledarsa ta danƙa mata a tafin hannu, ta ce ta je ta wanke hannuwanta sosai, ita Yaya ce za ta tare ɗigon gaba.

Yaya ta tsaya a bakin famfo tana cuɗa yatsunta da sabulu, hawaye na sauka a kan kumfar, ba ta share ba.