Tukunyar da Ba Ta Bushe Ba

Tun kafin a cinna wuta Indo ta san abin da ta aikata, kuma sanin bai rage mata komai ba.

Su takwas ne a ƙungiyar maginan tukwane ta bayan makarantar firamare a Ushafa. Bakwai matan Gbagyi ne da suka buɗi ido suka ga iyayensu mata da yumɓu a hannu. Ta takwas ita ce Indo, Bakatsiniya, wadda aure ya kawo ta garin, mijinta Sale yana tallar lemo a bakin titin Bwari. Shekara biyu tana leƙen matan ta katanga kafin shugabarsu, Mama Bara'atu, ta yafito ta da hannu ta ce ta zo ta koya. Sauran ba su so ba, ba su kuma ɓoye ba. Juwairiyya, wadda bakinta ya fi hannunta sauri, ta faɗa a gaban kowa cewa ranar da baƙuwa ta ɓata musu aiki, ranar za ta koma leƙe ta katanga.

To, ga aikin ya zo. Wani mai sabon otal a Maitama ya ba su odar tukwanen fure sittin, yana so ranar Asabar, ranar buɗe wurin. Ba su taɓa samun oda irin wannan ba. Aka raba, Indo ta samu bakwai, ta gina su tsaf, ta jera a rumfa suna shan iska. Saura kwana huɗu a gasa, akuyar maƙwabta ta shiga rumfar ta ture guda. Da mai hankali ce da ta je ta faɗa. Amma ta tuna bakin Juwairiyya, sai ta kwaɓa yumɓu a ɓoye ta gina wata, a tsakiyar watan Agusta, lokacin da ko zani sai ya kwana biyu a igiya bai bushe ba.

A al'adarsu wuta ɗaya ake yi wa tukwanen kowa. A jera su a matoya, filin da ake gasa su, wata kan wata, a lulluɓe da itace da busasshiyar ciyawa. Kafin a jera, Mama Bara'atu kan ɗauki kowace tukunya ta manna a kumatunta. In ta ji sanyi, da sauran ruwa a jikinta, sai a ajiye ta gefe, domin ɗanyar tukunya in ta ji wuta fashewa take yi, kuma ba ta tafiya ita kaɗai. Shekara talatin tsohuwar tana wannan aiki, ba a taɓa jin kumatunta sun yi ƙarya ba.

Da safiyar Juma'a, ranar gashin, Indo ta manna sabuwar tukunyar a nata kumatun, ta ji sanyi kamar na randa. Ta kawo shida aka gwada. Ta bakwai kuwa tana cikin kwando ƙarƙashin buhu, sai da Mama Bara'atu ta zagaya bayan gida sannan ta zaro ta, ta cusa a tsakiyar jerin, ta ja ciyawa ta rufe. Tana ta ce wa kanta wata ƙila wutar ta bi ta a hankali. Haka mai tsoro yake, ya san gaskiya sarai amma ya tsaya yana lallashin kansa.

Aka ce bismilla aka cinna. Hayaƙi ya tashi fari, matan suka ja baya suna hira, Juwairiyya har da lissafa irin leshin da za su ɗinka na anko. Indo kuwa idonta yana kan tsakiyar tarin. Tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, tana farawa ba ta kaiwa ƙarshe.

Ƙarar ta zo kamar an harba bindiga. Kaji suka watse. Tsakiyar tarin ta lotsa, sai ga ƙananan ƙararraki suna biyo baya, ƙwas, ƙwas, tukwanen sama suna ruftawa kan na ƙasa. Ba wadda ta iya yin komai, wuta ba a shiga cikinta a yi ceto. Suka tsaya suna kallo, wata ta ɗora hannu a ka tana salati.

Da wutar ta lafa bayan azahar, aka fara jawo tukwanen da dogayen sanduna. Goma sha tara sun tafi. Juwairiyya ta kira mai otal, ta sa wayar a sifika don kowa ya ji da kunnensa.

“Oga, don Allah ka yi haƙuri, an samu firoblem kaɗan.”

Bai bari ta ƙarasa ba. Ya ce sittin ya ce, ba arba'in da ɗaya ba, kuma akwai masu yi a Kwali. Ya kashe.

“Sai mun san wanda ya yi wannan abu,” in ji Juwairiyya, idonta jawur. “Kowa ya nemo gindin tukunyansa. Yau ba mai tafiya.”

Abin da Indo take gudu ke nan. Kowace magina tana da alamar da take yi a gindin tukunya tun tana ɗanya, ta Indo zane uku ne da tsinken tsintsiya. Tukunyar da wata ta faɗo mata takan rabe gida biyu ko uku, cikinta ja. Wadda ta fashe don ruwa kuwa gindinta ɓarewa yake yi, cikinsa baƙi ƙirin. Ko yaron goye aka nuna wa zai bambance.

Suka duƙa suna tona toka da sanduna. Indo ta nufi tsakiya, inda ta san ta ajiye ajiyarta. Ta gan shi kuwa, tsingaro kamar tafin hannu, baƙi, da zane ukunta a kai. Ta waiga. Kowa ya sunkuya. Ta ɗauke shi da bakin zani ta soke a ƙugu, ta ja riga ta rufe. Zafin ya ratsa zanin nan take ya kama fata. Ta cije leɓe, ta ci gaba da tona kamar mai nema da gaske.

Aka jera gindaye a ƙasa, goma sha takwas, duk ja. Juwairiyya ta ƙirga sau biyu.

“Saura ɗaya. Ina yake?” Ta ɗago, idonta ya sauka kan Indo ya zauna. “Ke, nawa ne naka ya fita lafiya?”

Indo ta sunkuyar da kai. Tana jin fatar ƙugunta tana tashi. A ranta ta ga kanta a tsakar gida ita kaɗai, Sale ya fita, tana jin dariyar matan daga bayan katanga.

“Ku bar nema,” in ji Mama Bara'atu. Tana zaune kan turmi, ba ta ɗaga murya ba. “Nawa ne. Akwai guda da na yi shakka da safe, na ce zai wuce. Fuskana ya tsufa, ba ya jin sanyi kamar da.”

Ba wadda za ta zagi Mama Bara'atu, amma abin da suka yi ya fi zagi ciwo. Suka koma gefe suka yi magana da Gbagyi ƙasa-ƙasa, sannan Juwairiyya ta dawo ta durƙusa, ta ce cikin ladabi Mama ta huta haka nan, daga yau ita za ta riƙa gwada tukwane da jera wuta. Tsohuwar ta gyaɗa kai kawai. Indo tana tsaye, kalma ɗaya ce tsakaninta da gaskiya, ta kasa furta ta.

Da aka watse, hanyarsu ɗaya. Tsohuwar tana gaba tana dogara sanda, Indo tana biye tana ɗingishi, tana neman ta inda za ta fara. A haka suka kai ƙofar gidan Mama Bara'atu. A nan tsohuwar ta tsaya, ba ta ko juyo ba.

“'Yata, in kin shiga ki cire abin nan daga jikinki, ki shafa zuma a wurin kafin ya yi ruwa,” ta ce. “Litinin ki zo da wuri, akwai kwaɓin yumɓu.”

Ta shige ta saki labule, ta bar Indo a tsaye a bakin ƙofa.